Ranar da Ba Kya Nan

"Na gaba!" ta kira, ba ta ko ɗaga kai ba.

Da ta ji shiru, sai ta leƙa. Babu kowa a kan benci, sai wani dattijo da ya jingina da bango yana ɓoye katin asibiti a bayansa. Mahaifinta ne.

Shekara tara tana aikin jinya a ɗakin nan, kullum tana faɗa wa masu basir su sha ruwa sosai, su ci ganye, su daina daɗewa suna yunƙuri a banɗaki, in sun ga jini su zo da wuri. Amma a gida, wata biyu ke nan Baba yana cin abinci a tsaye, ya ƙaurace wa keken ɗinkinsa, ita kuwa sai tsokana: "Baba, faɗa kuka yi da kujera?"

"Baba, me ya kawo ka?"

"Wucewa nake yi, uwata."

"Wucewa da kati?"

Ta karɓa a hankali. Sau huɗu ya zo, kowane zuwa an rubuta bai jira likita ba. Duk ranakun aikinta ne.

"Ranar da ba kya nan nake nema," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ke kuwa ba kya fashi."

Ta ƙwanƙwasa wa likita, ta shigar da shi, ta jawo musu ƙofa daga waje. Sannan ta koma jikin bangon da ya bari. Ga benci nan babu kowa, amma ta kasa zama.