Sabis a Ɗakin Mai Takaba

Kai Mamuda, angona, ajiye wayar nan ka ji, tunda ka ce mu tsofaffi ba mu san kan kayan zamani ba.

An yi wani tela da mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta shiga takaba a ɗakinta na can ƙuryar gida, bayan rumbu da turken awaki. Autarta tana aure a Fatakwal, ga tsohon ciki, likita ya hana ta doguwar tafiya, ko gaisuwar mutuwar ba ta samu zuwa ba. Kullum sai ta kira wanta telan tana kuka, ita dai a haɗa ta da uwarta a waya mai hoto ta ga fuskarta. Har abinci ta daina ci, mai juna biyu fa. To akwatin intanet ɗin gidan yana shagon telan ne a bakin zaure, inda maza ke zama, mai takaba kuwa ba ta leƙa can. Tsakanin shagon da ɗakinta katangun ƙasa uku ne, masu kaurin da ko kukan jaki da ƙyar yake ratsawa. Telan ya je kasuwa ya sayo wata 'yar na'ura da aka ce tana ƙara wa sabis nisa, ya kai ta har ɗakin tsohuwa ya jona a gefen gadonta. Shiru, sai jar fitila tana ta ƙifta ido. Ya sa ta a taga, ya ɗaura ta a gora, ya ja doguwar wayar wuta ya hau saman ɗakin da ita yana juyawa gabas da yamma, rana tana gasa masa ƙeya. Kwana biyu yana abu ɗaya, ya sauko yana cewa jabu aka ba shi.

Tsohuwa tana kan tabarma da carbinta, ta tambaye shi wai shi abin nan mene ne aikinsa. Ya amsa mata a gajiye, ya ce maganar babban akwatin yake ji ya maimaita da ƙarfi. Ta ce, "Ashe ladan ne. Kai ɗan nan, a filin idi ka taɓa ganin mai isar da kabbara ya tsaya a sahun ƙarshe? In bai ji liman ba, me zai faɗa mana? Kai shi tsakiya." Ya so ya yi musu, kunyar uwa ta hana shi. Ya kai na'urar rumfar girki, rabin hanya tsakanin shago da ɗakin, ya jona ta sama da inda ake rataye faifai. Fitila ta koma koriya. Bai gama cire takalmi a ƙofar tsohuwa ba wayarsa ta yi ƙara, sai ga fuskar auta. Uwa da 'ya suka kalli juna, aka sha kuka, aka yi wa mamaci addu'a. Sannan tsohuwa ta share ido da bakin mayafi, ta ce ta ga rama a wuyan nan, ba za ta ƙara cewa uffan ba sai ta ga kwanon abinci a gaban autar. Aka kawo, auta ta cinye tas uwar tana kallo. Telan ya zauna a dokin ƙofa ya sauke ajiyar zuciya, ƙeyarsa na raɗaɗi, shi ko a jikinsa.

Ka ji inda Hausawa suka samo maganarsu: abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.