Suna na Bakwai

Ustaz Milhim ya ƙara ɗaure murfin kwalbar zaitun, ya ajiye ta a tsakiyar teburin karin kumallo, ya koma gefe da littafinsa. Duk wanda ya iya buɗe ta, alƙalami ya hau kansa.

Gidan tsofaffin da ke kan tudun garin Zahle, inda shi ma Milhim yake zaune, mataki uku gare shi: masu tafiya da ƙafarsu, waɗanda sai an riƙe, da na kwance. Ziyad, sabon manaja, ya gano cewa gadon na kwance ɗaya yana kawo abin da masu tafiya uku ke kawowa. Saboda haka kafin ƙarshen wata za a sallami masu ƙarfi bakwai, a zuba na kwance a gadajensu.

"Ba wanda ya san su kamarka, Ustaz," in ji Ziyad. "Kawo mini sunaye, kowanne da hujja."

Shekara arba'in Milhim ya yi yana rubutu a kwastan, bai taɓa kankare layi ba, kuma ya daɗe rabon da a nemi alƙalaminsa. Kwana goma yana hawa bene yana sauka, yana lura da mai iya sa maɓallin riga, mai ɓare lemo, mai tuna ranar mako. Ya sami shida.

Ta bakwai Sitt Wadad ce, ya kuma sani. Ita ke naɗe shinkafa a ganyen inabi a kicin, siriri kamar taba sigari. Ɗanta na Kanada ya sayar da gidanta bara. In aka sallame ta, ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Ya tare ta a baranda.

"Gobe Ziyad zai zo shan gahawa. Ki saki kofin ya faɗi."

"A kan rigata ta Lahadi? Ka haukace ne, tsohon banza?"

"Ki kuma kira shi da sunan mijinki."

"Allah ya jiƙan Tanios! Ina aka haɗa shi da wannan ɗan ƙadangaren?"

"Wadad. Don Allah."

Washegari kofin ya faɗi. Ta zauna gahawa na bin rigarta, mutane na kallo, matar da ba a taɓa ganin tabo a jikinta ba. Ran nan Milhim ya rubuta ƙaryarsa ta farko: hannu na rawa, tunani ya fara gushewa, mataki na biyu.

Ya kai rahoton da kansa, shafi goma sha ɗaya.

"Shida ne. Babu na bakwai. Ɗaki-ɗaki na bi."

"Ɗaki-ɗaki," in ji Ziyad, yana juya shafukan a hankali. "Hawa uku, babu sanda. Dubi rubutu, ko ɗigo bai karkace ba! Wadad ma ka kyauta mana, an ɗaga matakinta, sai ɗanta ya ƙaro kuɗi."

Milhim ya yi ajiyar zuciya. Ta tsira.

Ziyad ya ɗauki alƙalami ya cike layi na bakwai da aka bari a jerin sunayen, sannan ya maƙala rahoton duka a bayansa, a gurbin hujja.

"To, Baba Milhim, shekara shida kana ɗaki na huɗu, ran Litinin muke son gadon. Wa za mu kira ya zo ya ɗauke ka?"