Filafilin da Aka Soke a Taɓo

Ka taɓa lura da yadda wasu manya ke miƙa shugabancin ƙungiyar ƙasashe in wa'adinsu ya cika? Wani ya ƙi halartar taron, wani ya turo ƙaramin ma'aikaci a madadinsa, wani kuma ya zo amma ya miƙa hannu yana kallon bango kamar an ɗura masa maɗaci. In ka yi magana sai a ce maka ai biki ne kawai, hoto ne da shan shayi. Wallahi maganar nan tana ƙona mini rai. Saurari misalin da wani tsohon masunci ya ba ni.

Akwai wani tafki da garuruwa suka kewaye, kowa daga cikinsa yake ci, masunta da manoman shinkafa da makiyaya. Don kada a yi rikici, suka yarda riƙon ruwan ya riƙa zagayawa, bana wannan gari, baɗi wancan. Al'adarsu ita ce ranar miƙa riƙo mai sauka zai ɗauki mai hawa a kwalekwale, shi da kansa zai yi tuƙi komai girmansa, ya zagaya da shi tafkin. A nan yake nuna masa bakin mafitar ruwa, wata 'yar siririyar hanya da ciyawar kachala ke rufewa, wadda yashi ke sauya mata wuri kowace shekara. Dole a sare ta kafin damina, in ba haka ba ruwa ya rasa ta inda zai fita. In sun dawo gaɓa, sai ya miƙa masa filafilin da ya tuƙa kwalekwalen da shi, da hannu biyu a gaban jama'a, ya ce, "Allah ya taya riƙo."

Wata shekara riƙo ya tashi daga hannun mutumin babban garin da ke cikin fadama, ya faɗa kan mutumin wani ɗan ƙauye da ke bisa tudu. To, mutumin tudun nan ya taɓa musanta maganar mai saukar a zaman majalisar ruwa, shi kuwa ya ƙullace shi. Ranar miƙa riƙo jama'a suka taru tun hantsi, makaɗa suka buga har suka gaji. Sai ga saƙo wai mai saukar ba shi da lafiya, alhali masu dawowa daga kasuwa sun baro shi a tukubar mai tsire yana ta ƙyaƙyata dariya. Filafilin kuwa aka same shi a soke cikin taɓo a bakin gaɓa, kamar turken jaki.

Mutumin tudu ya zare shi, ya wanke, ya ɗauki goro ya tafi har ƙofar gidan mai saukar. Ya yi sallama, aka bar shi tsaye a rana. Can ya ji muryar maigidan daga cikin zaure: "Ku ce masa ai shi ma yana da ido. Ba shi ne mai baki a majalisa ba? Ya je ya tambayi tafkin."

Mutumin tudu ya koma ya tara mutane suka sare kachala a inda ya fi kama da mafita, wato faffaɗar hanyar da kowa ke gani. Ashe tuni yashi ya toshe ta daga ƙasa. Da marka ta sauka, ruwa ya cika tafki, ya nemi hanya ya rasa, sai ya bi gangare. Ƙauyen tudu ko zaurensu bai jiƙe ba. Fadama ce ta sha: shinkafar da ta fara fitar da kai ta nutse, katangu suka zube, rumbun mai saukar ya zauna a ƙasa kamar an taka ƙwarya. Sai ga shi tsamo-tsamo, wando a naɗe har gwiwa, yana ihu a buɗe mafita. Mutumin tudu ya miƙa masa filafilin da hannu biyu, ya ce, "Bismilla, ranka ya daɗe. Tuƙa mu, ka nuna mini." Ya tuƙa, ya nuna, aka sare. Amma shinkafa ta riga ta ruɓe, kuma talakawan garinsa da ba su san hawa ba su san sauka ba su suka kwana da yunwa a shekarar.

Abin da ke ba ni takaici ke nan. Kujerar ƙungiyar ƙasashe aro ce, kuma a cikin gaisuwar nan da ake rainawa ake miƙa sanin inda aka kwana: sulhun da ke tangal-tangal, alkawarin da ba a cika ba, ƙasar da ke jiran amsa. Wanda ya yi fushi ya ƙi zama da magajinsa, mutanensa ya jefa wa dutse.

Don haka duk ranar da ka ji wakilin ƙasarmu zai sauka daga irin wannan kujera, kada ka yi shiru. Buga waya gidan rediyo, tambayi ɗan majalisarka: ya je da kansa? Ya zauna da magajinsa? In an ce bai je ba, ka aika a tuna masa cewa tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.