Gyangyaɗin Kujerar Dama

Tambayar ƙarshe ce ta kashe masa jiki. Matar da ke tsakiyar masu tantancewa ta cire tabarau ta ce, "Ba mu labarin ranar da barci ya kwashe ka a ɗakin tuƙi."

Na-Dama ya shiga kame-kame. Kafin nan komai ya tafi sumul. Sa'o'in tashin da wannan babban kamfanin jiragen sama ke nema kafin ya ɗauki matuƙi sun cika, likita ya wanke shi, gwajin na'urar kwaikwayon jirgi ya cinye shi. Suka yi masa godiya irin wadda ake yi wa wanda ba za a sake kira ba.

Na-Dama sunan wurin aiki ne, don mataimakin matuƙi a kujerar dama yake zama. A unguwa idan ya fito da farar riga da hula mai tambari, mutane har rusunawa suke yi, suna zaton kuɗi na neman yi masa yawa. Allah sarki! Albashin ƙaramin kamfaninsu ko hayar gida ba zai riƙe ba a birnin da jiragensu suke, shi ya sa ya bar matarsa da 'yarsu a garinsu. Ranar aiki tun kafin gari ya waye yake tsaye a ƙofar jirgin wasu, yana roƙon kujerar alfarma da za ta kai shi birnin kyauta. A can kuwa ɗakin haɗaka ne kusa da filin jirgi, gado kan gado, wani na tashi wani na kwantawa, katifa ba ta hucewa.

Babban kamfanin zai ninka masa albashi. Matsalar kawai, sababbin ɗauka can nesa ake tura su, sai ya hau jirgi biyu kafin ya kama aiki.

"Jirgi biyu, Abban yarinya? Kafin ma ka fara tuƙa naka?" in ji matarsa lokacin da ya gaya mata.

Ya yi dariya ya ce ta ƙara haƙuri. Mace ce mai sauraro. Duk abin da ya gani a sama yakan juye mata shi idan ya dawo, ita dai tana guga tana gyaɗa kai.

A hanyar dawowa daga tantancewar ya yi ta juya maganar. Matuƙa suna da wata ɗabi'a da kamfaninsu ya hana amma kowa ke yi: idan jirgi ya daidaita a sama, ɗaya ya ce wa ɗaya "riƙe min," ya ɗan runtse ido. Ran nan da hantsi Kyaftin, babban matuƙin da suke tashi tare, ya ce, "Riƙe min, Na-Dama." Ya riƙe, sai dai shi ma idonsa ya ci amanarsa. Kiran masu kula da zirga-zirgar jirage ne ya farkar da su, sun riga sun wuce inda ya kamata su fara sauka. Kyaftin ya ce musu rediyo ce ta yi gardama, magana ta mutu a nan.

Su biyu ne a ɗakin, ƙofa a kulle. Kuma matar nan mai tabarau cewa ta yi barci ya kwashe shi, shi kaɗai, ba ta ko ambaci Kyaftin ba. To wa zai ba da labarin ya zare kansa tsaf, in ba mai shi ba?

Abin ya ci masa rai matuƙa. Wannan dattijon ne ya koya masa sauka cikin iska mai bugowa ta gefe, shi ke ce masa "ɗana," shi ya yaba shi a wurin babban kamfanin. Ashe yabon na ganin ido ne. Sai yanzu ya tuna yadda yake yawan cewa, "Idan ka tafi wa zai jure mitata?" Lallai ma tsohon nan!

Bai tunkare shi ba. Kai tsaye ya wuce ofishin kiyaye haɗari na kamfaninsu, ya zayyana musu komai tiryan-tiryan: wanda ya fara barci, da wanda ya ƙaga ƙaryar rediyo. Ya san shi ma za a dakatar da shi, ko a jikinsa. Kyaftin kuwa 'yan watanni suka rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa.

Sun haɗu a baranda, dattijon ya fito daga wajen shugaban matuƙa, hula a hannu, an karɓe masa katin shiga.

"Ɗana, me na yi maka?"

"Ka fi ni sani, ranka ya daɗe," ya ce, ya raɓa shi ya wuce.

Da la'asar ya isa gida. Matarsa na tsakar gida tana yi wa yarinyar wanka, har da 'yar waƙarta. Kwanan nan ta murmure, fuskarta ta washe, ya ji daɗin ganin akwai mutum ɗaya da rashin sa'arsa bai karya ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana kwance takalmi.

"Na rama," ya ce mata. "Wanda ya tona ni, yau na tona shi. Kyaftin ya gama tuƙi har abada."

Sabulun ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin bokiti. Ta ɗago a firgice.

"Kyaftin kuma? Wallahi lokacin da na kira babban kamfanin ko sunansa ban kama ba!"