Abin da Ilu Ya Yi Mata

Tun da masana'antu suka wajabta allurar sassauta raga, wato danƙon nan da ke naɗe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yana riƙe da tsohon tunani, manya suke koyon sabon aiki kamar yara. An sha yi wa Tabawa. Hannunta ya iya komai, tunanin ƙuruciyarta kuwa ya zube.

Ranar da yayanta Ilu ya rasu, ana shirin fita da makara, matarsa ta durƙusa gabanta.

"Da sunanki ya cika, Tabawa. Ya ce ki yafe masa abin da ya yi miki."

"Me ya yi mini?"

"Bai taɓa faɗa ba. Cewa ya yi kin sani."

Tabawa ta dubi gwaggonsu, ko za ta tuna mata. Tsohuwar ta sunkuyar da kai, ita ma ga tabon allurar a bayan kunnenta.

Tabawa ta laluba zuciyarta, ba fushi, ba ciwo, wayam. Ta dai san ta yi shekaru ba ta taka gidan nan ba.

"Na yafe," ta ce, don maza na jira.

Matar Ilu ta riƙe hannunta. "Har zuciya?"

Tabawa ta sake laluba zuciyar, wayam. A waje liman ya yi kabbara.