Wai Ita Ta Zaɓa

"Maimaita abin da ya ce," in ji tsohuwar.

'Yar masu gida ta ɗago kai daga karatun jarrabawa. "Wani Bafaranshe ne masanin falsafa, Baaba. Ya ce ba a haifi kowa bawa ba. Mutum shi ke ƙera kansa da abin da ya zaɓa, zaman haƙuri ma zaɓi ne."

Tun yarinyar tana goye aka kawo tsohuwar raino unguwar Marylebone, can ƙasar Turawa, da alkawarin za ta koma baɗi. Furfura ta cim mata a kicin, ba albashi, ba hanyar gida.

"Wato ni na zaɓi wankin tukwanenku? Ki kai ni wajensa, ya faɗa a kan idona."

"Ai ya mutu, Baaba."

"Ya tsira."

Tsohuwar ta daɗe tana hararar ƙofar da ba a taɓa kullewa ba. Sai ta kashe gas, ta yafa mayafi, ta zura takalmi.

"Ina za ki cikin sanyin nan? Tuwon fa?"

"Inda ake kai ƙara a saurari mutum. Ga muciya can, 'yar boko. Ko ki tuƙa, ko ki kwana da yunwa. Zaɓi naki ne."