Ƙayar da Ta Nannaɗe Rimi

Kai da kake cewa tsoho ya tafi bai bar maka komai ba, zauna ka ji wannan. An yi wani masaƙin kujeru a birni, da kwagiri yake aiki, sandar nan mai santsi da ake kawowa dami-dami daga kurmi. Shekara goma sha biyar yana lanƙwasa shi a bakin wuta, amma bai taɓa ganin sa a raye ba, sai wanda aka riga aka fere. Da kurmi ya fara ƙarewa, dami ya riƙa zuwa a rame, har aka wayi gari rumfarsa ba ko tsinke. Ana cikin haka mahaifinsa, manomi a bakin wani rafi can kudu, ya rasu. Masaƙin ya koma gida, aka yi sadakar arba'in, ya ce shi da saƙa har abada, noma zai kama. Sai dai rabin gonar duhuwa ce: wani tsohon rimi da itatuwa kewaye da shi, ƙaya ta nannaɗe su tun daga gindi har sama. Duk zuwan da yake yi da salla sai ya yi ƙorafin wurin, mahaifin kuwa murmushi kawai yake yi, ya ce a bar su. Yanzu ba mai hana shi. Ya kira masu zarto.

Da hantsi ya hau rimin zai ɗaura igiyar ja. Daga can sama ya duba, ba abin da ya gani sai ƙaya da ganye irin na dabino. Wasu bulalai masu ƙugiya suka cafke masa riga, suka karce masa hannu. Ya sauko a fusace, ya zari adda ya sare ɗaya daga gindi, ya fizga. Ɓawon ƙayar ya saɓule, sai ga abu mai santsi a tafin hannunsa, gaɓa-gaɓa. Hannun ya riga ido ganewa. Ya ja, yana zuwa. Ya ƙara ja, yana zuwa, ya yi ta ja da baya har ya faɗa rafi, bai ƙare ba. Ya tashi jiƙe sharkaf, dariya da hawaye a haɗe, ya ruga wajen masu zarto da sun riga sun ɗora haƙora a jikin rimin.

"Ku tsaya, don Allah ku tsaya! Kada wanda ya taɓa ko reshe!"

Mahaifiyarsa ce ta warware masa. Tun ranar da ya fara kukan rashin kwagiri, shekara goma ke nan, tsohon ya roƙi wani direban kurmi ya kawo masa 'ya'yan kwagiri, masu ɓawo kamar jikin kifi. Ya jiƙa su, ya shuka a fasassun tukwane cikin inuwa, wata da watanni yana leƙawa kafin su tsiro. Da damina ta zauna ya dasa kowanne a gindin itace, don kwagiri ba ya tsayuwa da ƙafarsa, sai ya sami abin hawa. Ya kuma hana ta faɗa, wai sai sun ƙosa.

Ta ce, "Bana ya so ya nuna maka."

Shi ya sa Hausawa suka ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.